Ranar da Kawu ya shayar da batura kamar raƙuma

Ko da zan yi tsufan da zan riƙa neman hulata alhali tana bisa kaina, abin da ya faru a garinmu lokacin sunan ɗan yayana ba zai fita daga raina ba. Yanzu ina gyaran rediyo a kasuwar Tanut, kuma da wuya mako ya wuce wani bai tambaye ni ba: wai in batir mai caji ya cika, aka bar shi cikin caja, akwai illa? Da na ji tambayar nan sai in ajiye abin da ke hannuna, in ce mutum ya samu wuri ya zauna, don amsar tawa doguwa ce, har da raƙumi a cikinta.

Garinmu ƙauye ne a yankin Ollelewa, manoman gero ne mu kaka da kakanni. Bayan shekarar farin nan da gona ba ta ba da komai ba, yayana, wanda shi ne ɗan farin Inna, ya bi samarin gari suka tafi Libiya neman aiki. Ya dawo sau ɗaya, ya yi aure, ya sake komawa ya bar matarsa da ciki. Babanmu ya rasu tun ina ƙarami, don haka gidan daga Inna sai matar Yaya sai ni.

Wata rana wani direban babbar mota da ke bin hanyar Agadas ya kawo mana saƙo daga Yaya. Rakoda ce sabuwa fil, da kaset, da batura manya irin na tocila, waɗanda mu nan muke kira pil, tsofaffi kuma su ce duwatsu. Sai dai waɗannan ba irin na kasuwa ba ne da in sun mutu sai a ba yara su fasa. In sun ƙare, ana mayar musu da wuta. Akwai wani ɗan baƙin akwati da ake jera su a ciki, shi ne cajar, yana da waya biyu masu baki kamar na kada da ake maƙala wa batirin mota.

Ni fa tun ina yaro duk abin da ke da waya ba ya wuce ni. Ban yi nisa a lekol ba, wato makarantar boko, amma babu mataccen rediyo a garinmu da ban buɗe cikinsa na leƙa ba, wasu na tada su, wasu na ƙarasa su. Ranar da na riƙe cajar nan ji na yi kamar an ba ni doki da sirdi. Na je wurin mai injin niƙa na roƙe shi wani tsohon batirin mota da yake cikawa a jikin injinsa, na ɗoro a jaki na kai ɗakina da ke zaure. In ya yi sanyi in mayar masa ya cika mini.

A cikin kaset ɗin da ya zo, Yaya ya gaida kowa, sannan ya yi mini magana ni kaɗai. Ya ce batura in sun ƙare in sa su a caja da safe, in cire da la'asar, kada in wuce haka. Bai faɗi dalili ba, ina jin shi ma haka mai kanti ya gaya masa. Sai ya zo kan abin da ya sa ya sayi rakodar. Ya ce ya san ba zai samu zuwa suna ba, kuma ba ya so wani ya zo ya ba shi labari. Yana so ya ji da kunnensa lokacin da liman zai faɗi sunan, ya ji kukan ɗansa, ya ji muryar Inna. Sunan kuwa ya bar wa manya su zaɓa. Inna tana gefe tana tsince wake kamar ba ta ji ba, don kun san kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa. Amma na lura hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar har muryar ta ƙare.

Allah ya sauki matar Yaya lafiya a tsakiyar bazara, aka samu namiji. Aka aika wa Kawu, ƙanen Inna, wanda ke kiwon raƙuma a wajen Tenhiya, don shi zai tsaya a madadin uban yaro. Kawu mutum ne dogo mai furfura a gemu, ya sha bin ayarin gishiri zuwa Kawar tun yana saurayi, amma har gobe Inna Auta take ce masa. Da ya sauka, bai ko gama shan ruwa ba na jawo shi ɗakina in nuna masa kayana. Ya ɗauki batir ɗaya, ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu.

Ya ce, "Wato wannan in ya ji ƙishi sai ka kai shi rijiya."

Na ce, "Haka ne, Kawu. Ga rijiyar nan," na nuna masa batirin mota.

"To madalla. Ashe dabba ce. Mun saba."

Muka yi dariya. Ban san maganar ta zauna masa sosai ba.

Ana sauran 'yan kwanaki suna, aka ce in tafi Tanut in sayo goro da dabino da sauran kayan da za a raba, in kuma nemi direban nan in tabbatar da ranar da zai koma arewa. Yara sun riga sun cinye wutar baturan da jin kiɗa, don haka da safen da zan tafi na jera su a caja, na maƙala wayoyi, na ce wa Kawu don Allah da an yi la'asar ya cire su ya ajiye a kan taga. Ya ce me ya sa la'asar? Na ce haka Yaya ya ce. Ya gyaɗa kai ya ce in je abina.

A Tanut motar komawa ba ta samu da wuri ba, na kwana biyu gidan wani abokin Yaya. Na ga direban, ya ce washegarin suna zai biyo ta bakin titi, in tsaya masa da kaset a hannu, don ba zai jira ba, kuma bayan wannan tafiyar sai bayan damina. Har na wuce ta gaban masu tebur da suka jera batura ja da shuɗi, na dube su ina tausaya wa masu saye. A raina na ce mu dai mun wuce nan.

Na iso gida ana gobe suna, rana ta fara sanyi. Mata sun cika tsakar gida ana daka, ragon suna yana ɗaure a gindin aduwa. Ina shiga zaure na ji wani wari mai kaifi, ba na hayaƙi ba, ba na fitsarin akuya ba. Na duba taga, babu batura. A ƙasa kuwa ga tsohon bargon Kawu an lulluɓe wani abu da shi, wayoyi biyu sun leƙo ta ƙarƙashi.

Na yaye bargon. Cajar ta yi zafi har murfinta ya ɗan lanƙwashe. Baturan ba su taɓuwa, sai da na sa bakin rigata na fiddo su. A bakin wasu ga wani farin abu ya taru kamar kanwa.

Kawu ya shigo da butarsa, fuskarsa a sake, irin ta mutumin da ya yi aikin kirki yana jiran a lura.

Ya ce, "Ka gan su? Ban bari kowa ya taɓa ba. Kaji ma da suka fara tsattsagar wayar na rufe."

Na ce, "Kawu, tun ranar da na tafi suke ciki?"

"Tun ranar. Da la'asar ta yi na zo zan cire, sai na yi tunani. Ranar suna aiki ne babba a gabansu, ga liman, ga mata, ga maroƙa. Raƙumin da zai shiga hamadar Tenere ba ka kai shi rijiya sau ɗaya ka ce ya isa. Ka shayar, ka bar shi ya numfasa, ka sake shayarwa. Wanda ya ja raƙuminsa daga bakin ruwa da wuri, shi ke tafiya a ƙasa."

Wallahi da ba ni abin ya shafa ba, da na ce maganarsa gaskiya ce. Kuma ko a lokacin ba ni da abin da zan kayar da ita, tunda ni ma ban san dalilin la'asar ɗin ba. Na bar baturan suka huce, na goge farin abin da tsumma, na zuba su a rakoda na danna. Kaset ya juya, mawaƙi ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa kamar ta bijimin sa, ta ja, ta tsaya cik.

Kawu ya tsuguna ya taɓa cajar da bayan hannu, yadda ake taɓa goshin marar lafiya. Ya ce, "Zazzaɓi na sa musu ke nan."

Mai teburin garinmu ba shi da manyan batura, ƙanana kawai suka rage masa, kuma kasuwar Ollelewa ba ranarta ba ce. Kawu ya miƙe ya ce zai ɗaura wa raƙuminsa sirdi, ko ina batir yake a ƙasar Damargu zai je ya kawo. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu, an riga an kai mata labari.

Ta ce, "Auta, in ka tafi wa zai zauna gaban liman da sassafe? Ragon?"

Kawu ya ce wa yayar tasa, "To Yaya, ya za a yi? Yaron nan abu ɗaya ya roƙa."

"Da ka tambaye ni kafin ka yi wa duwatsu kiwo. Kai komai raƙumi ne a wurinka. Matarka ma haka ta ce."

Matan da ke daka suka tuntsire da dariya, Kawu ya ja rawaninsa ya rufe baki. Inna ta juya za ta koma, sai ta tsaya, ba ta dubi kowa ba ta ce, "Tocilata tana ƙarƙashin gado. Ban cika kunna ta ba."

Nan Kawu ya samu hanya. Ya cire hular da ke cikin rawaninsa, ya ce in biyo shi. Gida gida muka bi kafin magariba. Duk inda muka yi sallama shi ke magana, kuma bai ɓoye komai ba. Sai ya ce, "Na shayar da duwatsun ɗana har sun kwanta, ku ara mana na tocilarku zuwa gobe da hantsi." Wani ya buɗe tocila, wani ya buɗe rediyo. Wani tsoho abokin wasansa ya ce shi ba zai ba makiyayi batir ba, kada a kai masa shi kiwo Tenhiya, amma yana faɗa yana kwance gindin tocilar. Wata tsohuwa ta kawo nata da ta ce ta shanya su a rana sun farfaɗo. Hula ta cika, muka ƙara da aljihu.

Na zauna a ƙofar zaure da ƙwan tocila da guntuwar waya ina gwada su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ja kawai ƙwan yake yi kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Na ware waɗanda suka fi haske, na zuba a rakoda, na ga kaset yana juyawa. Na kashe nan take, na hana kowa taɓawa, har da ni kaina.

Da gari ya waye maza suka taru a ƙofar gida bisa tabarmi. Aka raba goro da dabino. Na zauna dab da liman da rakoda a cinya, yatsana a kan jan maɓalli. Kawu ya sunkuya ya raɗa masa sunan, na danna. Liman ya yi addu'a, ya faɗi sunan a fili, sunan marigayi babanmu ne. Maroƙi ya ɗauka ya kai wa na nesa, daga cikin gida guɗa ta tashi. Ni dai idona yana kan 'yar tagar rakodar, ina kallon kaset yana juyawa a hankali kamar jakin da ya gaji, ina roƙon Allah kada ya tsaya. Aka shafa fatiha na kashe, na ruga cikin gida.

Jaririn bai ba mu wahala ba, wanzami na taɓa kansa ya callara kuka, na ɗauka. Matar Yaya ta rufe fuska da mayafi ta ce a gaishe shi kawai. Saura Inna. Na kai mata rakoda ta ce in ɗauke mata wannan abu daga gabanta, ita me za ta ce? Ƙawayenta suka yi ta lallashi, ta ƙi. Ni kuwa ina ganin ɗan jan hasken rakodar yana dusashewa.

Kawu ne ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ba wanda ya ce ki yi magana da shi. Ga mijinki sabo a hannunki, yi da shi."

Aka miƙa mata jaririn. Ta dube shi, ta gyara masa zane, na matso da rakoda a hankali ta bayan kafaɗarta. Ta ce, "Kai maigida, ka zo lafiya? Ka zo ka tarar ba kowa a gidan sai mata da wannan mai wayoyin. To in ka ga wani mutum can, ka ce masa gero ya isa har kaka, kada ya sa damuwa a ransa. Ka ce masa ya riƙa cin abinci. Ka ce masa an gode." Sannan ta ƙara, "Ka ce masa hancinka irin nasa ne."

Tana rufe baki kaset ya tsaya da kansa. Na ɗan girgiza baturan, na mayar da kaset baya da karan alƙalami, muka saurari kaɗan. Muryar liman ta fito daidai. Kawu ya sauke numfashi, ya ɗauki hularsa muka mayar wa kowa da nasa. Washegari na tsaya a bakin titi na miƙa wa direba kaset ɗin a naɗe cikin ƙyalle.

Sai bayan damina amsa ta zo, da sababbin batura masu caji. Muka taru a tsakar gida, har Kawu ya zo. Ana dannawa sai dariyar Yaya, ya kasa ko sallama. Ya ce da ya sa kaset ɗinmu a rediyon da ke jone da wutar gida, sai ya ji liman yana addu'a da muryar ɗan tsako, maroƙi kamar an taka wutsiyar kyanwa, duk garin ana magana da gudu kamar ana korar mu. Abokan ɗakinsa suka ce ashe mutanen Damargu tsuntsaye ne.

Nan na gane abin da ya faru. Baturan aro ba su da ƙarfi, sai kaset ya riƙa tafiya a hankali lokacin ɗauka. Da muka saurara da su, a hankalin ya sake tafiya, shi ya sa muka ji daidai. Can kuwa da ya samu cikakkiyar wuta sai ya zura da gudu.

Sai muryar Yaya ta sauya. Ya ce ya yi ta tunani, daga baya ya cire wayar wuta, ya nemo batura da suka kusa mutuwa a tocilar wani, ya zuba. Sai ga liman ya dawo liman. Ya ji sunan. Ya ji kukan. Ya ce, "Kuma na ji saƙon da aka ba maigida ya kawo mini. A gaya wa mai saƙon ina cin abinci." Ya ce baturan nan marasa ƙarfi ya ɓoye su a cikin akwatinsa, ba ya ba kowa, don da su kaɗai yake jin muryar gida yadda take. Inna ta tashi ta ce hayaƙin murhu ya shiga mata ido, alhali ba a hura wuta ba tukuna.

Da sababbin baturan suka ƙare karo na farko, ban fita ko'ina ba. Na sa su a caja na zauna a gabansu, jim kaɗan in taɓa, jim kaɗan in taɓa, don sai na gano sirrin la'asar ɗin nan. Kun san abin da na gani? Muddin batir yana shan wuta, jikinsa da sanyi. Yana cika sai ya fara ɗumi. Wutar da ke shiga bayan nan ba ta da wurin zama, sai ta koma zafi, zafin ya dafa ruwan da ke cikinsa har ya fito ta baki ya bushe, shi ne farar kanwar nan. Kuma abin da ya fita ba ya komawa. Cajar tamu ba ta san ta tsaya ba, turawa kawai take. Ga zafin bazara, ga bargo a kai, ina za su kai?

Daga baya da na fara aiki a Tanut na ga caja iri iri. Akwai mai ɗura wuta a hankali, wadda in ka manta batir ya kwana a ciki ba ya mutuwa, ko da yake ita ma in ka mayar da ita ɗakin ajiya kana rage masa kwana. Akwai mai gaggawa irin tamu, wadda ba a juya mata baya. An ce akwai masu yanke wuta da kansu, to in ba ka tabbatar taka irinsu ce ba, kada ka ba ta amana. Kada ka rufe caja da komai, kada ka ajiye ta a rana, kuma in ka ga farin nan ka goge da tsumma ka wanke hannu kafin ka taɓa ido.

Can a gida kuwa, kafin Kawu ya koma wurin raƙumansa, na kira shi na sa ya taɓa baturan da safe, ya sake taɓawa da yamma. Ya ji bambancin da kansa. Ya shafa gemu ya ce, "To ai ga inda na ɓata. Raƙumi in ya ƙoshi shi ke ɗaga kansa daga kwamin ruwa, ko ka danna shi ba zai ƙara ba. Wannan bawan Allah ba shi da wuyan da zai ɗaga. Ɗumin nan shi ne ɗaga kansa."

Tun daga ranar ban samu bayanin da ya fi wannan ba, kuma shi nake ba duk wanda ya tambaye ni. Abin da na koya shi ne, ba duk abin da kake ƙauna ake yi wa ƙari ba, wani abin kulawarsa ita ce ka san lokacin da ya ƙoshi ka janye shi. Yaron da aka yi wa sunan yanzu shi ke riƙe mini tocila in ya zo Tanut, ubansa ya dawo gida yana noma. Kawu kuwa har yau in ya shigo rumfata, kafin ya gaishe ni sai ya bi cajojin da bayan hannu ɗaya bayan ɗaya, in ya ji mai ɗumi ya ce, "Wannan ya ɗaga kai, ɗana. Janye shi daga rijiya."